Karatun Sunayen Sana'o'i a Tsofaffin Takardun Kudancin Kano

Masu bin diddigin asalin iyali a Goa, yankin da ke gaɓar yammacin Indiya wanda Fotugal ta mulka daga 1510 zuwa 1961, sun dogara ne da kundayen coci, inda limaman Katolika suka riƙa rubuta sunan jaririn da aka yi wa baftisma da sunayen iyayensa, sau da yawa kuma har da sana'ar uban, cikin harshen Fotugal. Wahalar da suke sha ita ce, kalmar da liman ya zaɓa daga harshen masu mulki ba lallai ta dace da abin da mutumin yake yi a ƙauyensa ba. Musulmin ƙasar Hausa ba su da irin wannan kundi, domin raɗin suna a rana ta bakwai goro da addu'a da taron jama'a ne shaidarsa, ba takarda ba. Saboda haka wanda yake neman sana'ar kakanninsa a Bebeji ko Ƙiru ko Tudun Wada ko Doguwa sai ya koma ga kundayen shari'a, da takardun rabon gado, da rahotannin kimanta haraji da Turawa suka fara tattarawa bayan sun fasa ganuwar Bebeji a kan hanyarsu ta cin Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne cewa sunan sana'a yakan ratsa harsuna uku kafin ya zauna a takarda. Talaka ko mai unguwa ya faɗe shi da Hausa, malamin alƙali ko na hakimi ya rubuta shi da Larabci ko ajami, wato Hausa cikin haruffan Larabci, sannan jami'in Bature ya mai da shi Turanci ya cusa shi cikin ɗaya daga ƴan gidajen jadawalinsa. Shari'o'in majalisar Sarkin Kano Abbas na shekarun 1913 da 1914, waɗanda Allan Christelow ya fassara ya buga a 1994, da Larabci aka rubuta su, ko da yake masu ƙara da waɗanda ake ƙara da Hausa suka yi bayani. A kowane mataki akwai abin da yake zubewa, kuma abin da yake zubewa shi ne bambance-bambancen da su masu sana'ar suke ɗauka da muhimmanci.

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar harkar kasuwanci, musamman a Bebeji, wadda ta kasance babban zango a kan hanyar Zariya zuwa Kano, har matafiyin Bature Clapperton da ya bi ta cikinta a 1826 ya ƙiyasta mutanenta da dubu 20 zuwa dubu 25. Kalmar Larabci ta tajiri, wadda daga gare ta Hausa ta samo attajiri, tana iya rufe mutane da dama waɗanda a garin ba wanda zai haɗa su. Akwai falke, mai tafiyar watanni da jakuna zuwa Gwanja don sayo goro. Akwai madugu, shugaban ayari, wanda yake sasanta kuɗin fito da sarakunan hanya, tare da jagaba mai shiga gaba. Akwai fatoma, mai saukar da baƙin fatake a gidansa ya adana musu kaya ya nemo musu masu saye, akwai dillali mai cin la'ada tsakanin mai saye da mai sayarwa, ga kuma ɗan koli da yake yawo kasuwa-kasuwa da allura da madubi da kwalli. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji wajajen 1877 cikin Agalawa masu fataucin goro, ya kuma rasu a 1955 yana cikin mafiya dukiya a Afirka ta Yamma, gida ɗaya zai faɗa da ɗan koli a jadawalin da bai san komai ba sai "ɗan kasuwa". Wanda ya ga wannan kalma a gaban sunan kakansa bai isa ya yanke cewa gidansu gidan madugai ne ba, sai ya ga wani abin da ya goyi bayan haka, kamar jakuna da bayi da basussuka a takardar rabon gado.

Rini ma haka yake, amma a nan dalilin ruɗanin haraji ne. Matafiyin Bature Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ruwaito cewa ana karɓar wuri 2,500 a kan kowane maigida a matsayin kuɗin ƙasa, da wuri 700 a kan kowace karofi, wato ramin da ake jiƙa shuni a rina tufa. Tunda a kan rami harajin yake, sunan da zai shiga lissafi na mai ramin ne, wanda yana iya zama mai hali da bai taɓa tsoma hannu cikin baba ba, alhali wanda yake rinin a haƙiƙa, da manomin da ya shuka baba, da mabugi da yake dukan turkuɗi a kan gungume har ya yi sheƙi, duk sun ɓace daga takardar. Binciken Philip Shea na 1975 kan rinin ƙasar Kano ya nuna yadda wannan sana'a ta bazu a garuruwan kudu da birni kamar Kura, da yadda hannuwa da yawa suke taruwa a kan tufa guda.

A ƙira kuwa, Hausa ta raba maƙeran baƙi, masu fartanya da garma da lauje, da maƙeran fari, masu aikin azurfa da tagulla, ta kuma ware masu narkar da tama, wato dutsen da ake fitar da ƙarfe daga cikinsa. A Riruwai, wadda yanzu ita ce hedikwatar Doguwa, an daɗe ana narkar da kuza ana zuba ta siri-siri kamar tsinke ana kai wa kasuwanni tun kafin zuwan kamfanonin Turawa, don haka shekarar takarda ita ce za ta nuna ko mutumin mai cin gashin kansa ne da ya gaji narkarwa, ko kuwa lebura ne mai karɓar lada a ramin kamfani. Haka nan majemi mai gyaran fata daban yake da baduku mai ɗinka ta.

Akwai kuma kalmomin da suka yi kama da sana'a ko sarauta alhali matsayi suke nunawa. Sarkin Noma ba hakimi ba ne, manomi ne da ya shahara da yawan damman da yake samu. Bara da yaro suna iya nufin dattijo mai iyali da yake ƙarƙashin wani ubangida. Gandu yana nufin gonar da uba da ƴaƴansa suke nomawa tare, yana kuma nufin babbar gonar basarake da bayi suke aiki a cikinta, kuma tunda dokar Turawa ta ƴanta waɗanda aka haifa daga Afrilun 1901 ne kawai, ba a kuma soke bauta baki ɗaya ba sai 1936, takardun wannan tsakani cike suke da mutanen da matsayinsu bai fito sarari ba. Wajibi ne a yi taka-tsantsan a nan, domin kuskuren karatu yana iya jefa wani gida cikin abin da za a riƙa yi masa gori da shi.

Babbar illar jadawalin ita ce tilasta wa kowa sana'a ɗaya. Kusan kowane namiji a waɗannan ƙasashe manomi ne da damina, sai da rani ya koma saƙa ko fawa ko wanzanci ko ya tafi cin rani, kuma jama'a suna bambanta ɗan gado, wanda ya tashi ya tarar da sana'ar a gidansu, da ɗan haye, wanda ya shige ta da girmansa. Takarda ba ta faɗin wannan. Ba ta kuma cika ambaton mata ba, duk da cewa zaren da masaƙa suke saƙawa da mazarin mata aka kaɗa shi a cikin gidaje.

Hanyar da ta fi aminci ita ce a fara tantance wanda ya rubuta takardar da dalilin rubuta ta, a nemi ma'anar kalmar a zamaninta cikin ƙamusun Bargery na 1934, sannan a gwada ta da sunayen unguwanni irin su Maƙera da Marina da Dukawa, da abin da masu riƙe da sarautun sana'a kamar Sarkin Maƙera da Sarkin Fawa suka sani na gidajen gado. A kuma tuna cewa takardun Doguwa na wancan zamani ƙarƙashin tsohuwar gundumar Tudun Wada za a neme su. Kundayen suna nan a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna da Gidan Ɗan Hausa a Kano, amma dattawan da suka san bambancin fatoma da dillali ba za su dawwama ba, saboda haka ya kamata ɗaliban tarihi daga waɗannan ƙananan hukumomi huɗu su je su zauna da su su rubuta tun yanzu.