SO ALJANNAR DUNIYA: RAYUWAR MARUBUCIYA DA DARASI GA SABABBIN MARUBUTA A YAMMACIN ZAMFARA

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne duba dangantakar da ke tsakanin rayuwar Hajiya Hafsat Abdulwaheed da littafinta, So Aljannar Duniya, domin fito da darasi ga masu sha'awar rubuta ƙagaggun labarai. Abin da ya jawo hankalinmu shi ne irin rubuce-rubucen da ɗalibanmu 'yan Anka da Gummi da Bukkuyum kan kawo mu duba. Sau da yawa za a tarar tauraron labarin ɗan attajiri ne a Abuja ko Dubai, wuraren da marubucin bai taɓa takawa ba, alhali garinsu ko sunansa bai fito ba. Mun zaɓi wannan marubuciya ne saboda ta daɗe zaune a Gusau, don haka ta gida ce.

2.0 Marubuciyar da Littafinta

An haifi Hafsat a unguwar Ƙofar Mata, cikin birnin Kano, a 1952, daga zuriyar Fulani. Ta fara rubutu tun tana makarantar firamare, kuma aure da wuri bai sa ta ajiye alƙalami ba. Ya kamata a tuna cewa gasar da Rupert East ya shirya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, maza ne kaɗai suka fito a cikinta. Sai a gasar Kamfanin NNPC na Zariya aka ga mace. So Aljannar Duniya ya zo na biyu, bayan Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, aka buga su a 1980 tare da Amadi Na Malam Amah na Magaji Dambatta. Da haka ta zama mace ta farko da aka buga wa ƙagaggen labari da Hausa.

Tushen labarin kuwa daga cikin gida yake. Yayarta ce ta auri Balarabe, bambancin al'adu ya kawo tsamin dangantaka, ita kuma ta zuba ido tana lura. Daga nan aka sami Boɗaɗo, 'yar Fulani, wadda ta kafe sai Yasir, duk da ƙin amincewar danginta.

3.0 Ƙarfi da Raunin Littafin

A ganinmu, ƙarfin littafin yana cikin kashinsa na farko. An san 'yar Fulani da kunya da kawaici, ba ta ambaton wanda take so a gaban manya. Boɗaɗo ta keta wannan ƙa'ida, ta fito fili ta faɗi zaɓinta. Mai karatu yakan yarda da wannan rikici domin marubuciyar ta san gidan da take siffantawa, ta san yadda manya ke tsawatarwa, har takan sanya kalmomin Fulatanci a bakinsu. Wannan ne ya share fage ga irin su Balaraba Ramat Yakubu, wadda ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa.

Raunin kuma ya bayyana ne lokacin da aljana ta shiga tsakanin masoyan. Daga nan labarin ya karkata zuwa sigar tatsuniya, tambayar da aka faro da ita, wato ko yarinya na da ikon zaɓen miji daga wata ƙabila, ta koma gefe. Ba muna cewa aljannu baƙi ne a tunanin Bahaushe ba. Abin da muke nufi shi ne, matsalar da mutane suka ƙulla, ya fi dacewa a ga mutane sun warware ta.

4.0 Darasi ga Sababbin Marubuta

Na farko, marubuci ya fara da abin da idonsa ya gani. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, sannan aka gano ta a Bagega. Jaridu sun ba da adadi. Halin uwar da ta san niƙan nan shi ke ciyar da gida, kuma shi ke kashe 'ya'yanta, sai mai ƙagaggen labari ne zai iya nuna shi. Haka nan manomin da rashin tsaro ya raba da gonarsa.

Na biyu, kada a ji kunyar karin harshe. Bayanin marubuci ya bi daidaitacciyar Hausa, amma tsohuwar Gummi a bar ta ta ce "shina" da "tahi" da "hwaɗi", kamar yadda Hafsat ta bar Fulaninta da harshensu.

Na uku, a jure wa gyara. Labarin da aka faro a ƙuruciya sai da ya shekara da shekaru kafin ya shiga ɗab'i. Gaggawar fitar da littafi ita ke cika shi da kurakuran ƙa'idojin rubutu.

5.0 Kammalawa

Mun ga cewa inda Hafsat Abdulwaheed ta tsaya kan abin da ta sani, nan littafinta ya fi armashi, inda ta nisance shi kuma ya yi rauni. Muna ba malaman Hausa na kwalejojin ilimi shawarar su riƙa ba ɗalibai aikin rubuta gajeren labari a kan garinsu, da sunan kasuwarsa da rafinsa. Idan 'ya'yan Anka da Gummi da Bukkuyum ba su rubuta abin da ya sami iyayensu ba, wasu za su rubuta, kuma ba lalle su faɗa daidai ba.