«Vie privée» ko rufin asiri? Sharhi a kan dokokin Nijar game da shafukan zumunta da makomar masu neman aiki da karatu, daga misalin Matamaye

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce yin sharhi a kan rukunin dokoki biyu da ƙasar Nijar ta kafa game da abin da mutane ke sakawa a intanet. Rukuni na farko ya shafi kare bayanan mutum, wato doka mai lamba 2017-28 ta 3 ga Mayu 2017, wadda ta kafa hukumar HAPDP, da doka mai lamba 2022-59 ta 16 ga Disamba 2022 da ta gaje ta. Na biyu kuwa ita ce doka mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yuli 2019 a kan laifuffukan intanet, tare da gyare-gyarenta na 2022 da 2024. Za mu auna su da tambaya ɗaya: wace kariya suke bai wa matashin da ya gama lakwal, yake haɗa dosiyen konkur ko na neman burs, alhali yana da shafin Facebook da zaurukan WhatsApp?

Mun ɗauki Matamaye, babban garin gundumar Kance cikin jahar Damagaram, a matsayin wurin aunawa. Garin yana kan hanyar da ta ratsa Takeita ta nufi iyakar Ɗan Barto da Daura, ƙasa da kilomita 100 daga birnin Damagaram. Matashin wannan yanki da Hausa yake magana, da Faransanci ake yi masa hukunci, kunnensa kuma yana Kano. Duk giɓin da ke tsakanin harshen doka da harshen jama'a ya fi fitowa sarari a irin wannan wuri.

2.0 Kalmomin da ma'anoninsu

Dokokin kare bayanai na Nijar ba su tsiro daga ƙasa ba. Sun bi sawun dokar ƙungiyar CEDEAO ta 16 ga Fabrairu 2010, wadda ita ma ta ɗebo daga dokar Faransa ta 6 ga Janairu 1978. Tushen wannan gado shi ne «vie privée», wato wani kewaye da mutum ɗaya ya mallaka, yana buɗewa da yardarsa, yana rufewa in ya so. Masu fassara a rediyo sukan mayar da kalmar «sirri». A namu ganin wannan fassara ta ɗauki rabin ma'ana ne kawai.

Sirri abu ne da mai shi yake ɓoyewa. Asiri kuwa, a cikin furucin «rufin asiri», sau da yawa abu ne da makusanta suka sani sarai, amma suka ɗauki nauyin yin shiru a kansa. Maƙwabci ya san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba, ya aika da ƙwaryar hatsi bayan magariba, bai faɗa wa kowa ba. Ke nan rufin asiri aikin jama'a ne a kan mutum, ba ikon mutum ne a kan bayanansa ba. Shi ya sa Bahaushe ke cewa «Allah ya rufa mana asiri», kuma yake ɗora laifin tonon asiri a kan wanda ya tona kafin wanda aka tona wa.

Ginin gidan Bahaushe ma yana nuna haka. Akwai ƙofar gida, akwai zaure, akwai tsakar gida, akwai ɗaki, kuma kowane mataki da irin wanda ake bari ya taka shi bayan sallama. Maganar da ta dace a zaure ba ta dace a gaban surukai ba. Raha da habaicin da samari ke yi a fada wajen shan shayi, wadda Adeline Masquelier ta yi nazarinta a littafinta na 2019, ba a yi su don kunnen limami ko na darektan lakwal ba. Wannan ya yi daidai da ra'ayin Helen Nissenbaum (2004), cewa kowane bayani yana tafe da ƙa'idojin wurin da aka faɗe shi, kuma cutarwa tana faruwa ne in an ɗauke shi zuwa wani wuri. Abin lura shi ne Hausawa sun raɗa wa rukunin WhatsApp suna «zaure». Sai dai wannan zaure ba shi da bango. Duk wanda ke ciki yana iya ɗaukar hoton saƙo ko ya tura muryar wani zuwa Yamai cikin daƙiƙa guda.

Akwai ma'ana ta biyu da ya kamata mu riƙe. In an ce wane yana da rufin asiri, ana nufin yana da abin da zai ci da iyalinsa ba tare da roƙo ba. Aikin albashi rufin asiri ne. Harshen da kansa ya ɗaure mutunci da abinci a kalma ɗaya, abin da «vie privée» ba ta yi ba.

3.0 Inda shafi ke haɗuwa da dosiye

3.1 Konkur da kaziye. Duk wanda ya taɓa haɗa dosiyen konkur a Nijar ya san takardun: takardar haifuwa, ta zama ɗan ƙasa, ta likita, da kaziye judisiyer wanda bai wuce wata uku ba. Dokar ma'aikatan gwamnati ta 23 ga Yuli 2007 ta sa cikakken ƴancin ɗan ƙasa da kyawun ɗabi'a cikin sharuɗɗan ɗauka. Ta nan ne dokar 2019 ke shigowa. Ta tanadi kaso a kan ɓata suna da zagi ta hanyar na'ura, da kuma yaɗa bayanan da ka iya ta da hankalin jama'a. A 2022 an cire kaso daga laifin ɓata suna da zagi, aka bar tara. A watan Yuni 2024 aka maido da shi. Sarƙar a bayyane take: saƙo ya kai mutum mashara'anta, hukunci ya hau kan kaziye, kaziye ya rufe ƙofar konkur.

Shari'ar ƴar jarida Samira Sabou ta nuna yadda farkon sarƙar ke aiki. An tsare ta ranar 10 ga Yuni 2020 bayan wani rubutu da ta yi a Facebook game da binciken kuɗin ma'aikatar tsaro, inda wani mai sharhi a ƙarƙashin rubutun ya ambaci sunan ɗan shugaban ƙasa na lokacin. Kotu ta sallame ta ranar 28 ga Yuli 2020. Ita sananniya ce, ƙungiyoyin duniya sun yi magana a kanta. Ɗan Matamaye mai riƙe da bak ba shi da wannan garkuwa.

3.2 Binciken ɗabi'a. Kaziye, duk da nauyinsa, takarda ce mai iyaka. Hukuncin alƙali kaɗai ke hawa kanta, bayan an saurari wanda ake tuhuma, kuma doka ta san hanyar wanke mutum bayan wani lokaci. Shafin zumunta ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Hoton da yaro ya saka yana aji uku na kwaleji yana nan ranar da ya nemi aiki yana da shekara 27. Mai ɗaukar ma'aikata a kamfani ko a ƙungiya mai zaman kanta, ko jami'in da aka ba binciken ɗabi'ar ɗan takara, yana iya dubawa ba tare da ya faɗa ba, ya yanke shawara ba tare da ya ba da dalili ba. A da, mai bincike yakan tambayi mai unguwa da dattawa, su kuwa sukan tace abin da za su faɗa, domin sun san bambancin ƙuruciya da mugun hali. Na'ura ba ta tacewa.

Nauyin ya fi faɗawa kan mata, kuma misalan da ƴan Matamaye suka fi sani daga Kano suka zo. A 2007 wani bidiyo na sirri na wata ƴar wasan Hausa ya fita daga salula ya bazu, sana'arta ta tsaya, aka kuma dakatar da ɗaukar fina-finai a Kano na tsawon watanni. A 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda fitowarta a bidiyon wata waƙa, a Nuwamba 2020 kuma hotunan da ta saka a shafinta suka jawo mata wata guguwar, musamman saboda sharhin da wani ya yi a ƙarƙashinsu. Darasin da yarinya mai neman aikin malanta ko na asibiti take ɗauka daga nan shi ne ta ɓoye fuskarta ko ta bar dandalin gaba ɗaya.

3.3 Jami'a, burs da biza. A nan ya kamata a yi hattara da aron misalan waje. A 2017 Jami'ar Harvard ta soke gurbin aƙalla ɗalibai 10 saboda hotunan ɓatanci da suka yi musaya a wani rukunin Facebook na sirri. Wannan yana yiwuwa ne a tsarin da ke auna halin ɗalibi kafin a karɓe shi. Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai da Jami'ar André Salifou ta Damagaram sakamakon bak suke dubawa, don haka haɗarin bai tsaya a ƙofarsu ba. Yana jiran ɗalibi ne ranar da ya nemi fita waje. Tun daga Mayu 2019 Amurka ta fara neman sunayen shafukan zumunta na shekara biyar daga masu neman biza, a Yuni 2025 kuma ta umarci masu neman bizar karatu su buɗe shafukansu ga kowa. A Agusta 2019 an juyar da wani ɗalibi Bafalasɗine daga filin jirgin Boston, ya ce an tuhume shi ne da rubuce-rubucen abokansa, kafin daga baya a bar shi ya shiga. Zama da maɗaukin kanwa, in ji Hausawa, shi ke kawo farin kai. Bambancin shi ne a intanet mutum bai san duk wanda yake zaune da shi ba.

4.0 Giɓin da muka gani

Na farko, dokar kare bayanai ta ɗauka cewa mai cutarwa hukuma ce ko kamfani mai rumbun bayanai, kamar banki ko kamfanin salula. Haƙƙin ganin bayanai da gyara su da ƙin yarda a yi amfani da su suna da amfani a gaban irin waɗannan. Amma wanda ke tona asirin matashi a Matamaye sau da yawa abokin fada ne, ko tsohon saurayi, ko mai gyaran salula, ko ɗan'uwan da aka ara wa waya. Shawarar da ake yawan bayarwa, cewa kowa ya kulle shafinsa, ta ginu ne a kan mutum ɗaya da waya ɗaya, kuma ba ta hana ɗaukar hoton saƙo.

Na biyu, aya ta 5 ta dokar ƙwadago ta 25 ga Satumba 2012 ta hana mai ɗaukar aiki ya yi la'akari da jinsi ko addini ko ra'ayin siyasa ko wata cuta kamar sida da amosanin jini. Waɗannan kuwa su ne ainihin abubuwan da shafin mutum ke bayyanawa a duba ɗaya. Hani yana nan, hujjar karya shi ce ba ta samuwa, tun da dubawar a ɓoye ake yin ta. Dokar ƙwadago ta Faransa ta ɗan matsa gaba, inda ta ce bayanin da za a nema daga ɗan takara dole ya kasance yana da alaƙa ta kai tsaye da aikin, kuma a sanar da shi hanyoyin da za a auna shi. Da yake mun ari tushen, babu dalilin barin wannan reshe.

Na uku, ƙarfin rukunin biyu bai zo ɗaya ba. Dokar hukunci tana da ƴan sanda da jandarma da alƙali kusa da kowa. Dokar kariya kuwa hukumarta tana Yamai, da Faransanci take aiki, kuma sai wanda ya san da ita zai kai mata kuka. Kundin da aka zartar a Maris 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Wannan matsayi ba zai taɓa rayuwar ɗan takara ba sai ranar da ya iya karanta haƙƙinsa da harshen da yake tura saƙon murya da shi.

5.0 Kammalawa

Mun nuna cewa dokokin nan sun tsare ƙofar da mutum ke rufe wa kansa, sun bar wadda jama'a ke rufe masa. Daga nan muke ba da shawara uku. A wajabta wa mai ɗaukar aiki da mai ba da burs su sanar da ɗan takara in sun duba shafinsa, su kuma ba shi damar bayani. A sa wa abin da aka rubuta kafin shekara 18 wa'adin da bayansa ba za a yi hukunci da shi ba. Sannan sassan nazarin harsunan ƙasa su ɗauki aikin fassara waɗannan dokoki, tare da tattara kalmomin da matasa ke amfani da su a fada da zaurukan WhatsApp, domin fassarar da ta tsaya a «sirri» za ta koya wa yaro ya ɓoye nasa kawai, ba za ta tuna wa abokinsa cewa amana ce aka ba shi ba. Wannan fage ne da ɗaliban da ke neman batun kundin digiri za su iya shiga, kuma gundumar Kance wuri ne da ya dace a fara.