Hausar Boko da Jirgin Yaƙin da Ya Ɗauko Ta

A darasin tarihin rubutun Hausa, layi ɗaya ake ba mu, mu haddace, mu zuba shi ranar jarrabawa: James Frederick Schön ya buga littafin kalmomin Hausa a 1843. Shi ke nan. Ba a taɓa faɗa mana cikin me mutumin ya shigo ba. Ni ma sai da na zauna na karanta littafin tafiyar da shi da Samuel Ajayi Crowther suka rubuta, wanda aka buga a Landan a 1842, sannan na gane cewa jirgin yaƙi ne ya kawo shi.

Jirage uku ne na sojan ruwan Ingila, Albert da Wilberforce da ƙaraminsu Soudan. Na ƙarfe ne, John Laird ya ƙera su a Birkenhead, tururi ke juya manyan ƙafafun da ke gefensu suna tura ruwa, kuma akwai igwa a kansu. Sun shiga bakin Kwara a watan Agusta na 1841 ƙarƙashin Kyaftin Henry Trotter. Manufar da aka faɗa wa duniya, wadda Thomas Fowell Buxton ya yi ta wa'azi a kanta, ita ce a ƙulla yarjejeniya da sarakuna su daina sayar da bayi, a maye gurbin cinikin da noma da kasuwanci. Sun sa hannu da Obi na Aboh da Attah na Igala a Idah, sun kafa wata gonar gwaji kusa da inda Kwara ta haɗu da Binuwai, wajen Lokoja ta yau.

Daga nan masassara ta kama su. Abin dariya kuma abin tausayi, an ɗora wa jiragen wata na'ura mai tace iska, don a zamanin likitocinsu sun ɗauka mugun tururin fadama ne ke kawo ciwon. Suna can suna tace iska, sauro na ta aikinsa. Soudan da Wilberforce suka juya da marasa lafiya, Albert kaɗai ya ci gaba har Egga a ƙasar Nupe, bai kai Rabba da suke so ba. A komawa, masu kula da injin duk sun kwanta, sai wani masanin duwatsu, Dakta Stanger, ya riƙa buɗa littafi yana koyon yadda ake tafiyar da injin, likitan jirgin McWilliam kuma ya kama tuƙi. Cikin Turawa kusan 150, fiye da 40 suka mutu.

Littafin ya yi kyau a nan, ban hana shi ba. Schön mutum ne mai kunne, duk inda aka tsaya shina tambayar wane harshe ake ji, kuma bai ɓoye abin da ya gani ba: Bature ba ya iya zama a wannan kogi, ƴan Afirka ne za su yi aikin. Ɓangaren Crowther ya fi mini daɗi ma, don shi an taɓa sayar da shi bawa, idan ya zo kan maganar bayi ba ya rubutu kamar ɗan kallo.

Amma ga inda nake da magana. Schön bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Ko Kano, ko Katsina, ko Sakkwato, balle Ƙonni ko Tawa. Hausarsa a Firitawun ta Saliyo ya koye ta, a bakin Hausawan da aka kuɓutar daga jiragen bayi, mutanen da suka daɗe da barin gida. Su ne suka zauna da shi, suka maimaita mashi kalma sau goma. Mu kuma a darasi sunan mai alƙalami kaɗai muke haddacewa. Kuma a shekarar da Albert ke fama a Egga, Nana Asma'u na raye tana rubuta waƙoƙi da ajami, a daular da Sarkin Musulmi Atiku ke mulki. To wane ne ya "fara" rubuta Hausa? A ce ya fara rubuta ta da baƙaƙen Turawa don Turawa su koya, wannan na yarda.

Rubutun nasa ma ya nuna a ina ya tsaya. Kunnensa bai raba k da ƙ ba yadda ya kamata, haka d da ɗ, b da ɓ, karin sauti kuwa ba a ma maganarsa. Ku ɗauki kafa da ƙafa, ko dauri da ɗauri, ku cire lanƙwasar, ku ga abin da zai rage. Ba ina zaginsa ba ne, mu da muka sha Hausa a nono ma sai ka ga ɗalibi ya cika takarda bai lanƙwasa ko ɗaya ba, ya ce wayarsa ce ba ta da su.

Kada kuma mu yi saurin bugun ƙirji mu ce ai ƴan mulkin mallaka ne, mu wanke kanmu. Bayin da jiragen suka zo dominsu, a kasuwanninmu ake sayar da su. Hujja ita ce Dorugu. Yaro ne ɗan Dambanas, kusa da Kance a ƙasar Damagaram, aka kama shi bawa, Overweg ya ƴanta shi a Kukawa, Heinrich Barth ya tafi da shi Turai a 1855 tare da Abbega. Shi ya zauna da Schön a Ingila shina ba shi labari da tatsuniya, kuma Hausar da ke cikin nahawun 1862, da ƙamus na 1876, da Magana Hausa na 1885, kaso mai yawa daga bakinsa ta fito. Faransa ta ba Schön kyautar Volney a 1877. Dorugu ya rasu a Kano a 1912. Wallahi na tambayi ƴan ajinmu, kaɗan ne suka taɓa jin sunansa, alhali ɗan Nijar ne, ɗan ƙasar da muke ratsawa a mota in za mu Damagaram.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, mu ƴan Adar. Duk Hausar da ta shiga littafi, wani ne ya faɗe ta, daga wani gari. Tun daga waɗancan mutanen Firitawun, zuwa Dorugu, zuwa Hausar Kano da aka ɗauka daga baya aka ce ita ce daidaitacciya, kowane lokaci wanda ke kusa da mai alƙalami shi ke shiga. Shi ya sa yaron Badagishiri da ya tashi shina cewa "munka tahi" yake zuwa lakwal ya tarar littafi na cewa "muka tafi", ya ɗauka ta gidansu ce gurguwa. Shekara goma sha uku bayan Albert, a 1854, Baikie ya hau kogin da jirgin Pleiad, suna shan kwinin, ba wanda ya mutu, Crowther kuma yana ciki. Schön bai sake hawa Kwara ba, masassarar 1841 ta riga ta cinye lafiyarsa.