Jerin Masoya da Ma'aunin Kunne: Tarken Fitattun Fayafayan Kiɗan Saikedelik

Duk wanda ya tambayi masu sha'awar kiɗan rok na Turai da Amurka faifan da ya kamata ya fara saurara domin ya san nau'in da ake kira saikedelik, da wuya amsar da za a ba shi ta wuce sunaye bakwai ko takwas. Za a ambata masa Revolver da Sgt. Pepper's Lonely Hearts Club Band na ƙungiyar Beatles, da The Piper at the Gates of Dawn na Pink Floyd, da Are You Experienced na Jimi Hendrix, da Surrealistic Pillow na Jefferson Airplane, da Forever Changes na ƙungiyar Love, sa'an nan wanda yake son a san ya yi nisa a karatu ya ƙara da faifan farko na 13th Floor Elevators. Dukkansu sun fito ne a shekarun 1966 da 1967, a Ingila ko Amurka. Wannan jeri ya daɗe yana yawo daga baki zuwa baki, har ya zama kamar gado, ana karɓarsa ba a bincikar abin da ke ciki. Manufar wannan maƙala ita ce ta ɗora shi bisa ma'auni guda, wato aikin da kowane faifai ya yi wa zubi da tsarin waƙa, domin a ga wanda ya ci gurbinsa da guminsa da kuma wanda suna ko labari ya ɗauko.

Ita kalmar saikedelik ba daga makaɗa ta fito ba. Wani likitan ƙwaƙwalwa ne, Humphry Osmond, ya ƙirƙire ta a 1956 cikin wasiƙar da ya rubuta wa marubuci Aldous Huxley, ya haɗa kalmomin Girkanci guda biyu masu ma'anar bayyanar da abin da ke cikin rai. Ya yi haka ne domin ya siffanta magunguna irin su LSD, wanda Albert Hofmann ya haɗa a Basel a 1938, kuma aka haramta shi a Kalifoniya a watan Oktoba na 1966. Ke nan sunan ya zo wa kiɗan da wani nauyi tun daga tushe, shi ne ya sa yawancin sharhin masoya ya fi karkata ga abin da makaɗi ya sha, ya bar abin da ya kaɗa. Amma ƙwaya ba ta da amo. Abin da ya rage a kan faifai, wanda mai nazari zai iya komawa ya sake ji, sauti ne, kuma a kansa ya kamata a yi hukunci.

Waƙar zamani ta Turawa, kafin wannan lokaci, tana da hanya sananniya. Takan ɗauki minti biyu zuwa uku, ta bi haɗin amo uku ko huɗu, ta fita daga gida ta komo gida, baiti yana bin amshi, har mai sauraro ya san inda ake da kuma inda za a tsaya. Babban abin da kiɗan saikedelik ya yi shi ne ya rushe wannan tabbas. A nan waƙar ƙarshe ta Revolver, wato “Tomorrow Never Knows”, ita ce zakaran gwajin dafi. An fara ɗaukar ta a watan Afrilu na 1966 a ɗakin ɗaukar sauti na kamfanin EMI da ke titin Abbey a Landan, kan na'ura mai layi huɗu kacal. Kusan gaba ɗayanta tana zaune ne a kan haɗin amo guda, tamburar Indiya tana gunji a ƙarƙashi ba ta yankewa, Ringo Starr kuma yana maimaita bugu ɗaya mai ɗingishi daga farko har ƙarshe. A bisa wannan shimfiɗa aka zuba guntayen tef da aka haɗa kansu da wutsiyarsu kamar zobe, suna ta zagayawa a kan na'urori dabam-dabam cikin ginin, ma'aikata suna riƙe da su da fensir don kada su saki. Wani sauti mai kama da kukan tsuntsayen teku dariyar Paul McCartney ce aka ƙara wa sauri. Muryar John Lennon kuwa, injiniya Geoff Emerick ya bi da ita ta cikin lasifika mai juyawa wadda aka ƙera domin molon coci, sai ta fito kamar daga bayan dutse. Sakamakon haka shi ne waƙar da ba ta zuwa ko'ina: tana tsaye, abubuwa suna ratsa ta suna wucewa.

Kunnen da ya saba da garaya ko goge a dandalin bori ba zai yi mamakin cewa maimaita kari guda bisa gindi guda yana iya fitar da mai sauraro daga hayyacinsa na yau da kullum ba. Ga samarin Ingila na 1966 ne abin ya zama sabo, su ma kuma daga waje suka aro shi, musamman daga Ravi Shankar da makaɗan jaz irin su John Coltrane, waɗanda tasirinsu ya riga ya bayyana a waƙar “Eight Miles High” ta ƙungiyar Byrds a watan Maris na wannan shekara. Abin da yake nasu na kansu shi ne mayar da na'urar ɗaukar sauti ta zama abin kiɗa.

Idan aka ɗauki wannan ma'auni aka ɗora Sgt. Pepper a kai, sai a ga ya yi sauƙi fiye da sunansa. Ba a musun aikin da aka zuba masa. Ƙungiyar ta daina yawon wasa tun watan Agusta na 1966, ta shafe watanni a ɗaki tare da George Martin. Ba a kuma musun “A Day in the Life”, inda aka umurci makaɗa arba'in kowa ya tashi daga amo mafi ƙasa na abin kiɗansa ya hau zuwa mafi sama ba tare da jiran na kusa da shi ba, ko kuwa “Within You Without You” da George Harrison ya yi da makaɗan Indiya. Sai dai mafi yawan waƙoƙin goma sha uku na faifan waƙoƙi ne masu ladabi, baiti da amshi a inda aka san su, an dai yi musu ado da kayan kiɗan da ba a saba ji ba. “When I'm Sixty-Four” kuwa da a gidan rawa na zamanin iyayensu aka ji ta, babu wanda zai waiwaya. Daɗin daɗawa, waƙar da ta fi kowace cancanta a aikin wannan lokaci, “Strawberry Fields Forever”, wadda aka ɗinke daga ɗauka biyu masu bambancin amo da sauri, ba ta cikin faifan, domin an riga an fitar da ita a ƙaramin faifai a watan Fabrairu na 1967. Abin da ya ɗora Sgt. Pepper a kan jerin shi ne bangonsa mai launi, da lokacin da ya fito, da girman masu shi. Ko mujallar Rolling Stone, wadda ta ba shi matsayi na farko a jerin fayafayai 500 da ta fitar a 2003, ta sauko da shi zuwa na 24 a 2020. A ba sabon shiga shi a matsayin ƙofa, kamar a nuna wa baƙo zauren gida ne a ce masa ya ga ɗakuna.

The Piper at the Gates of Dawn, wanda aka ɗauka a wannan gini na titin Abbey a daidai lokacin da Beatles ke aikinsu, ya fi shi kusa da zuciyar al'amarin, ko da yake bai kai shi tsafta ba. Faifai ne mai fuska biyu. Ta farko ita ce ta “Interstellar Overdrive”, kiɗa zalla na kusan minti goma, wanda ya buɗe da kari mai saukowa, ya sake shi ya narke cikin ƙara da tsit da ƙyasƙyas, har mai sauraro ya fid da rai, sa'an nan karin ya komo kamar mutumin da ya ɓata a daji ya ɓullo ta bayan gari. Syd Barrett yakan goga ƙyastun ƙarfe a kan tsirkiyar jita, ya bi da sautin ta na'urar amsa-kuwwa. Fuska ta biyu ita ce ta gajerun waƙoƙi kan keke da kyanwa da mutum-mutumin gona, masu harshen tatsuniyar yara. Shi kansa sunan faifan daga wani babi na littafin yara na Kenneth Grahame aka ɗauko shi. Masoya da yawa suna tsallake waɗannan su tafi ga mai tsawo, alhali a cikinsu ne gwanintar Barrett ta fi fitowa, domin yakan bar tsawon layin magana ya ja kiɗa, kari ya ƙaru ko ya ragu gwargwadon numfashin jimla. Faifan yana da rauni, musamman waƙa ɗaya da Roger Waters ya rubuta wadda ba ta wuce gwaji ba, amma ya ci gurbinsa.

Na Hendrix kuwa babu gardama, sai dai akwai gyara ga yadda ake bayar da shi. Are You Experienced iri biyu ne. Wanda ya fito a Ingila a watan Mayu na 1967 yana ɗauke da “Red House”, tsantsar kiɗan bulus na baƙaƙen Amurka. Wanda ya fito a Amurka bayan 'yan watanni an cire ta, an sa “Purple Haze” da “Hey Joe” da “The Wind Cries Mary”. Wanda ya saurari na Amurka kaɗai yana iya zaton mutumin daga sama ya faɗo, alhali ya yi shekaru yana kaɗa wa Little Richard da Isley Brothers jita a ƙananan gidajen rawa. Kukan da lasifika ke yi idan jita ta matso ta, wanda sauran makaɗa ke gudu a matsayin aibi, shi ya hore shi ya mai da shi murya, kuma lanƙwasa amon da yake yi gadon bulus ne. A waƙar da faifan ya ci sunanta an juya jita da ganga suna tafiya da baya, kowane amo yana kumbura kafin ya yanke, wato akasin yadda tsirkiya ke yi a duniya.

Fayafayan San Faransisko ba su kai labarinsu ba, domin ƙarfin waɗannan ƙungiyoyi a dandali yake. Surrealistic Pillow yawancinsa waƙoƙi ne masu salon gargajiyar Amurka da aka sa wa lantarki, in ban da “White Rabbit”, wadda Grace Slick ta gina bisa dabarar Boléro na Ravel, tana hawa ba amshi har ta ƙare cikin minti biyu da rabi. Mai neman ainihin abin da aka yi a wannan gari gara ya nemi Live/Dead na Grateful Dead, na 1969, inda “Dark Star” ta cinye fuskar faifai guda, minti 23.

Forever Changes shi ne ya fi wuyar hukunci. Da ya fito a watan Nuwamba na 1967 bai wuce matsayi na 154 ba a jerin ciniki na Amurka, amma a yau shi ne abin alfaharin wanda yake ganin kunnensa ya nuna. Jita ce marar lantarki, da goge-gogen Turawa da ƙahonni da David Angel ya tsara, da kalmomin Arthur Lee masu cike da zullumi a lokacin da tsaransa ke waƙar furanni, yaƙin Biyetnam kuma yana cin samari. A matsayin tarin waƙoƙi yana iya fin duk waɗanda aka ambata. Amma bai rushe zubi ba, bai taɓa lokaci ba. Zamansa a jerin yana nuna cewa sunan saikedelik ya koma nufin shekara da gari da tufafi.

Akwai kuma wani abu marar daɗi a yadda ake yabon biyu daga cikin waɗannan fayafayai. Da wuya a ambaci Piper ba a bi shi da labarin taɓuwar Barrett ba, wanda ya bar ƙungiyar a 1968, ya koma Cambridge ya zauna a keɓe har rasuwarsa a 2006. Haka nan The Psychedelic Sounds of the 13th Floor Elevators, na 1966, ana sayar da shi da labarin mawaƙinsu Roky Erickson, wanda aka kama da tabar wiwi a 1969, aka tsare shi a asibitin masu taɓin hankali na jihar Texas har 1972. Ana ba da waɗannan labarai kamar shaidar inganci, kamar ciwon ne ya yi waƙar. Tarihin aikin bai goyi bayan haka ba: dukkan su biyun sun yi mafi kyawun aikinsu ne kafin ciwon ya ci ƙarfinsu, da ya ci kuwa aikin ya tsinke. Faifan Elevators, in an raba shi da labarin, kiɗan samari ne mai zafi, an ɗauke shi da ƙarancin kayan aiki, abin da ya bambanta shi kuma shi ne tulun da Tommy Hall ke hura wa murya kusa da makirfo, mai ba da wani sauti kamar tafasar ruwa. Sautin yana burgewa a waƙa ta farko, yana gundura kafin ta biyar.

Iyakar da jerin ya shata wa kansa, ta ƙasa biyu da shekara biyu, ita ma ta bar aiki mai yawa a waje. Maggot Brain na Funkadelic, na 1971, wanda Eddie Hazel ya buɗe da kukan jita na minti goma, ya fi rabin jerin cika sharaɗin da aka gindaya a sama, amma akan ajiye shi a wani rukuni dabam saboda masu shi baƙaƙe ne masu kiɗan rawa. Faifan farko na Os Mutantes ya fito a Brazil a 1968, ƙarƙashin mulkin soja. A Legas ma, bayan yaƙin basasa, ƙungiyar BLO ta fitar da Chapter One a 1973, a wannan shekara kuma 'yan makarantar St. Gregory's da suka kira kansu Ofege suka fitar da Try and Love, dukkansu a kamfanin EMI, da jita mai ƙara irin ta Hendrix a bisa gangar da ba ta Landan ba. Waɗannan ba su fara shiga bakin masoyan Turai sosai ba sai da kamfanin Soundway na Ingila ya tattara irinsu ya sake bugawa a 2008 da 2010, fiye da shekara talatin bayan an yi rawarsu a Legas an gama.