Woebot ya rufe, damuwa tana nan

Lokacin jarabawa wata ƴar ajinmu ta daina barci, abinci ma sai an matsa mata. Shawarar da ta fi samu ita ce: "Ki sauke aplikasiyo, akwai masu maganin damuwa." Shi ya sa na bi diddigin ɗaya daga cikin waɗanda suka yi suna, wato Woebot.

Wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Alison Darcy, ta fito da shi a Amurka a 2017. Hira kake da na'ura a rubuce: ta tambaye ka yadda kake ji, ta koya maka kama mugun tunani irin "ni ba ni da amfani" ka auna shi da gaskiya. Dabarar ba ta banza ba ce, likitoci na aiki da ita. Amma gwajin da ya ɗaga sunansa da matasa 70 kacal aka yi, na mako 2. Alamun baƙin ciki sun ragu, gaskiya ne. To, ciwon da ke cin mutum shekara da shekaru, mi mako biyu zai nuna? Kuma Darcy na cikin waɗanda suka rubuta sakamakon. Mai kaya ba ya kushe kayansa.

Wani bincike na 2019 ya duba irin waɗannan aplikasiyo guda 93. Bayan kwana 30, wajen mutum 3 cikin 100 ne suka rage suna buɗewa. Maganin da aka ajiye a aljihu wa ya warkar? Ga batun sirri: a 2023 hukuma a Amurka ta sa BetterHelp biyan dala miliyan 7.8 saboda miƙa bayanan masu amfani da shi ga su Facebook don talla. Shi kuwa Woebot, a watan Yunin 2025 aka rufe shi.

A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa da harshensu. Gwajin 2016 ya nuna abin yana aiki.

Ƴan uwa, aplikasiyo na iya rage maka nauyin dare guda, ban hana ba. Amma in abokinka ya fara maganar ya gaji da rayuwa, kada ka tura shi ga waya. Zauna da shi, ka saurare shi, ka raka shi asibiti.