Wa Ke Yanke wa Mace Hukunci a Cikin Labari?

Ba kasafai ake ambaton Minna ba idan ana zancen adabi, alhali a nan aka haifi Cyprian Ekwensi a 1921, a nan kuma Abubakar Gimba ya yi zamansa na rubutu har Allah Ya karɓi ransa a 2015. Littafi ɗaya daga kowannensu ya isa a ga yadda ƙagaggen labari yake damƙa rayuwar mace a hannun namiji, ko da marubucin yana tausayinta.

A cikin The Passport of Mallam Ilia na Ekwensi, wanda ya fito a 1960, Ilia ya sami matarsa Zarah ne a wasan shanci. Maza suka shiga da wuƙaƙe, wanda ya yi nasara ya ɗauki yarinya. Babu wanda ya tambaye ta ko tana so. Malam Usuman, da ya sha kaye a wasan, shi ya yi sanadin ajalinta, sauran littafin kuwa ramuwar gayya ce, Ilia na bin sawunsa har Makka. Saboda Zarah aka yi labarin gaba ɗaya, amma mai karatu zai rufe littafin bai san abin da ke ranta ba.

Gimba ya yi gaba da haka sosai. Mutumin ƙasar Lapai ne, masanin tattalin arziki, ya kai babban sakatare a gwamnatin Jihar Neja, ya kuma shugabanci Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya. A Sacred Apples, na 1994, mace ce tauraruwa. Zahrah mai ilimi ce, mai addini. Mijinta Yazid ya sake ta, ta kwashe 'ya'ya ta bar gidan, ta shiga zawarci, ta nemi aiki ta samu. Gimba bai ɓoye muguntar sakin wulaƙanci ba, ya kuma nace cewa Musulunci bai hana mace karatu ko aiki ba, al'ada ce da son zuciyar maza ake lulluɓewa da rigar addini. A wancan lokaci, namiji ɗan Arewa ya faɗi wannan a cikin labari ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai a duba inda mafita take fitowa. Idan Zahrah ta rikice, yayanta Ya-Shareef ne mai warware mata. Da ta tsaya da ƙafarta a wurin aiki, sai labarin ya kai ta gidan Nousah, shugabanta a ofis, ta tarar da kishiyoyi. Daga nan masifar ta koma ta mata: kishi, makirci, zuwa wurin boka. Namijin da ya tara su ya zama abin tausayi, su kuma suka zama miyagu. A ganina nan ne alƙalamin Gimba ya yi sanyi. Ya hukunta mugun miji, amma bai taɓa tsarin da ya ba miji wuƙa da nama ba. Maganinsa shi ne a dace da namiji nagari, wato dai sa'a.

Wanda ya ajiye wannan ya ɗauki Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, da ya fito a Kano a 1990, zai ji bambancin hannu. Balaraba, wadda aka cire daga makaranta aka aurar tana yarinya, ba ta ba tauraruwarta Rabi digiri ko ofis ba. 'Ya'ya tara ta ba ta, da miji, Alhaji Abdu, mai rumfa a kasuwa, wanda ke ƙoron cefane a gida yana ɓarin kuɗi a waje. Da ya auro Delu, rikici ya tashi, uwargida ce aka kora. Rabi ta kama haya, ta ɗora tukunya tana sayar da abinci, da wannan cinikin ta riƙe yaran, ta aurar da 'yarta Saudatu. Ikon namiji a nan a kuɗin cefane yake, da ɗakin kwana, da kuɗin makaranta, abubuwan da duk matar aure ta san lissafinsu. Ba mamaki littafin ya kai har Indiya, inda aka buga fassarar Aliyu Kamal ta Turanci a 2012.

Ƙarshensa ne ke da ɗaci. Gobara ta cinye rumfar Alhaji Abdu, Delu ta juya masa baya, sai ga shi da biko. Rabi ba ta son komawa. Maza suka taru a kanta, na danginta har da surukinta, da kalmomin da kowace bazawara ta haddace: a yi haƙuri, a duba yara, aure ibada ne. Ana iya cewa Balaraba ta ja da baya a nan. Ni ban ga haka ba. Waɗanda suka mayar da Rabi ba azzalumai ba ne, su ne mutanen kirkin labarin, irin Ya-Shareef ɗin da Gimba ya dogara da su. Ta koma gidan da aka kore ta, ita ce kuma yanzu mai ciyar da shi.