Jinjina ga Masu Gyaran Manhajar Darasi

Idan malami a Gusau ya ɗora darasi a manhajar Moodle, ɗalibi a Wonaka ko Tsafe ya buɗe shi lami lafiya, malamin ake yaba wa. Ba a cika tunawa da ma'aikacin sashen kwamfuta ba, wanda ya wuni yana binciken abin da ya hana jarrabawar gwaji adana maki. Ya cancanci jinjina, domin galibin manhajojin shirya darasi an ƙera su ne don ƙasashen da intanet ke da ƙarfi, wuta ba ta ɗaukewa. Shi ke matse bidiyo mai nauyi har ya sauka da data kaɗan. Shi ke lura cewa ɓ da ɗ da ƙ sun rikiɗe sun koma alamar tambaya, ya mayar da fayil ɗin tsarin UTF-8, Hausar ta karantu.

Wani zai ce wannan kwalliya ce a yankin da rashin tsaro ke hana yara zuwa aji. Ai nan ne aikin ya fi nauyi. A Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a Zamfara, an kulle makarantu. A irin wannan hali, darasin da aka tsara a sauke tun da wuri, a karanta ba intanet, shi ke da amfani, kuma mai gyaran ne ke gwada shi a ƙaramar wayar Android kafin ya isa hannun ɗalibi. Masu cewa kamfani zai gyara sun manta cewa Moodle, tun fitowarta a 2002, kyauta ce, makarantar da ta girka ta ita ke ɗaukar ɗawainiyarta.